Abin da Ya Tsayar da Zuciyar Sagiru

Likita ta cire wayoyin daga ƙirjin Zuliha, ta daɗe tana duban zanen bugun zuciyar da na'urar ta fitar.

"Alhaji, an taɓa yin mutuwar fuju'a a gidanka?"

"Yayanta, Sagiru," in ji Gimba, mahaifin Zuliha. "Amma shi ƙwaya ce ta kashe shi."

Haka ya gaya wa 'yan kasuwar albasa na Fatakwal a wurin zaman makoki, alhali bai taɓa ganin yaron da ƙwaya ba. A ganinsa saurayin da ke dakon buhu ba ya mutuwa haka kawai. Gimba irin mutanen nan ne masu yanke hukunci kafin su yi tambaya.

"Ban jin ƙwaya ce," in ji likita. "Zuciya tana da lantarkinta, shi ke ba ta umarnin bugawa. Na 'yarka yana jinkirin komawa daidai bayan kowane bugu, shi ya sa take suma, kuma abin gado ne. Akwai magani. Amma ko da wasa kada a tashe ta daga barci da ƙara mai firgitarwa. Irin wannan zuciya tana iya tsayawa nan take."

Zuliha ta juyo a hankali ta dubi mahaifinta.

"Baba, ranar da Yaya ya makara sallar asuba, ka doka ƙofar kwanon ɗakinsa da taɓarya, ba ranar ce ya rasu ba?"

"Ita ce," in ji Gimba. "Yana kwance a ƙasa, ina ce masa ya daina munafunci ya tashi."