Sunan Bakwainin Barira

Tun da aka kafa sabuwar doka, na'ura ce ke ba da allurar riƙon ciki a asibitin unguwa, kuma sai ga matar da ta taɓa haifar bakwaini mai rajista. Barira ta iso da cikin wata huɗu, ta ɗora tafinta a gilashin na'urar.

"Faɗi sunan jaririnki na baya," in ji na'urar.

Ba shi da suna. A ɗaki ta haife shi, ya kwana biyu ya koma, aka binne shi kafin ranar suna.

"Haƙuri, 'yar nan," in ji Inna Sahura, ungozomar da ke kula da layi. "Je ki zo da maigidanki da liman su raɗa masa suna, a ba ki rana bayan wata biyu."

"Wata biyu, Inna? Wannan ma ya fito ina jiran rana?"

"To mace ce za ta raɗa suna? Na ɗan fari kuma, da bakinki? Ina kunya?"

"Kunya ta binne mini ɗaya. Ya isa."

Barira ta ɗaga murya.

"Sunansa Zubairu. Ni na haife shi, ni na raɗa."

Na'urar ta yi rajistar sunan, ta turo allurar. "Barka da haihuwa," in ji ta. "Allah ya raya Zubairu."

Barira ta haɗiye hawaye, ta miƙa wa Inna damtse.

"Yi sauri, Inna. Ta bayana ma tana da sunan da za ta raɗa."