Keken Uwa

Tun da hantsi Ɗanbaba yake koya wa tsofaffi fareti a filin makarantar firamare da ke bayan layin dogo a Agege. Gumi yake yi, muryarsa har ta dishe.

"Hagu, dama! Abeg, Baba, hagu na ce, ba wadda kake cin tuwo da ita ba."

Ɗanbaba yaron Honorabul Ɗayyabu ne, ɗan majalisar da rabin masu zaɓensa suke ci-rani a Legas. Duk shekara Honorabul yakan leƙo su, ya yi alkawarin taransifoma, ya yi jawabi kan tsaro, sannan ya karrama tsofaffin sojoji a gaban kyamara. Bara an yi kuskure an gayyato na gaske. Suka ƙwace lasifika suka zazzage masa cikinsu, bidiyon ya zagaya duniya. Don haka bana Ɗanbaba ya tsaya a bakin ƙofa da kansa, yana tambayar kowa ko ya taɓa aikin soja. Wanda ya ce e, sai a sallame shi da ruwan leda. Masu gadi da masu yankan farce aka tara, duk wanda furfura ta yi wa kyau.

"Gadi nake yi a Isolo, Oga," in ji Malam Shitu da aka zo kansa. Ya yi sauri ya wuce.

Shi ba shinkafar da za a raba ce ta kawo shi ba, ba kuma fitilar sola ba. A ƙarƙashin rumfa an jera kekunan guragu, ko ledarsu ba a cire ba, kuma an ce duk wanda ya shiga hoto da Honorabul zai zaɓi abin da yake so. Matarsa Uwa ta daɗe a kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Shi yake goya ta zuwa banɗakin da duk gidan hayar ke bin layi, kuma bayansa ya soma gazawa. Makon jiya sun faɗi tare a bakin kwata, ta yi ta ba shi haƙuri kamar ita ta yi laifi.

Tsoronsa ɗaya, kada a gano shi. Ya ranƙwafar da kafaɗa, ya koma layin baya, ya riƙa kuskure ƙafa har na kusa da shi suna dariya. Ɗanbaba ya dubi takalmin Malam Shitu da ke ta sheƙi, ya ce da ma ƙafar ta kai takalmin hankali.

Wajen azahar aka kawo buhun hulunan soja da aka yi haya daga Oshodi. Tsofaffi suka yi masa caa, wani ma ya kifa tasa a juye. Kafin hannu ya kai layin baya, buhun ya zama wayam.

"Ba komai," in ji Ɗanbaba. "Amma cire wannan zannar taka, za ta ɓata mana hoto."

Malam Shitu ya cire hularsa ya cusa a aljihu. Rana ta sauka a kan sanƙonsa.

Sai ga jiniya. Honorabul ya fito cikin farin yadi, ya yi magana a kan jaruman da suka ba da jininsu don mu kwana lafiya, har ya share ido da hankici. Aka fara kira ɗaya bayan ɗaya. Tsoho ya tako, ya buga ƙafa, ya sara kamar yadda ya gani a fim, mai hoto ya ɗauka, a miƙa masa kaya. Kekunan suna raguwa, Malam Shitu yana kallonsu, bakinsa yana motsi da addu'a.

Saura keke ɗaya aka kira shi.

Ya tako gaban Honorabul. Yana isa sai kafaɗun nan suka miƙe da kansu, diddige ya haɗu da diddige, hannuwa suka manne a cinya. Ya ƙame, ido a gaba.

"Oya, Baba, sara mana," Ɗanbaba ya raɗa masa.

Malam Shitu yana ji. Yana hango keken da gefen ido, yana tuna nauyin Uwa a bayansa da kwatar nan mai santsi. Ya umarci hannunsa na dama ya tashi. Hannun kuwa ko gezau. Mai hoto ya sauke kyamara, Honorabul ya dubi agogo. Wani ɗan sanda cikin masu rakiya ya ƙura wa tsohon ido, sai kuma ya kau da kai.

"Ranka ya daɗe, wannan tsufa ne ya ruɗa shi," in ji Ɗanbaba yana dariyar yaƙe. Ya ja shi gefe da ƙarfi. "Tun safe nake fama da kai, sarawa ma ta gagare ka. Je ka gida, Baba."

Wani mai yankan farce da ƙafafunsa biyu garau ya sara, ya tura keken ya yi waje. Tun a bakin ƙofa masu saye suka fara taya keken.

Malam Shitu ya bi layin dogo a ƙafa har gida. Bai taɓa jin kunyar shiga ɗakinsa kamar ranar ba. Uwa ta dubi hannuwansa, ta gan su wayam. Ya zauna a bakin katifa, hawaye ya zubo masa.

"Hulunan ne suka ƙare kafin a zo kaina," ya ce. "Wallahi na yi niyya, Uwa. Hannun ne ya ƙi."

Ta miƙa hannunta mai lafiya ƙarƙashin matashi, ta jawo koɗaɗɗiyar hularsa ta soja da ta je yaƙin Laberiya ta dawo, ta ɗora masa a gwiwa.

"Ina zai tashi? Tun muna amare a bariki na san soja ba ya sarawa da kai ba hula. Sai da na ce ka tafi da taka, Saje."