Malamin Dokta Na'iya

"Dokta Na'iya? Ai ni na koya mashi aiki," in ji Lauwali mai shagon magani, tun motar Kebbe ba ta bar tashar Tambuwal ba.

Wani fasinja ne ya jawo, da ya ce yanzu Kebbe ma tana da masana, su Dokta Na'iya masu auna ƙwayoyin nano a jami'a. Sunan nan kuwa ya daɗe yana hana Lauwali cin tuwo. Duk sanda ya je zance wurin Batula sai ya fito a fuskar wayarta, ta yi murmushi, ta koma gefe. Da ya tambaya sau ɗaya, ta ce, "Su Dokta? Manya ne," ta ɗan yi masa bayanin aikin, ta bar shi yana dahuwa.

Ga shi yau zai je gaida yayarta, wadda mahaifinsu ya bar wa maganar auren. Bai taɓa ganinta ba. Dokta kuwa, a lissafin Lauwali, ya riga shi shiga gidan.

Sai ya zazzage abin da ya tsinta a bakin Batula, ya ƙara gishiri. Ƙwayoyin, in ji shi, silin gashi katako ne a gabansu. Ana zuba su a ruwa, a haska masu haske, na'ura ta karanta girmansu daga yadda suke rawa.

"Shi ko Dokta hannunai rawa shikai. Har gemunai ya tsoma cikin ruwan. Ni na riƙe mashi hannu."

Wata mata a gefensa, rungume da 'yar kwalba mai jan ruwa, ta ɗago.

"Malam, kun taɓa auna na zinariya?"

"Kullum, Hajiya. Har na gaji."

"Wane launi ruwan ka yi?"

"Launin zinariya mana. Rawaya, kamar ɗan kunnenki."

Ta gyaɗa kai kamar mai ɗaukar darasi. Hanya ta yi ta jijjiga su, Lauwali ya yi ta rage wa Dokta tsawo, har maƙogwaronsa ya bushe. Ya roƙi matar ta sam masa zoɓon nan. Ta ce ba na sha ba ne, 'yan matan sakandare za ta nuna wa. Ya ce a ransa, rowa dai.

A tashar Kebbe Batula na tsaye tana jira. Lauwali ya gyara hula, amma ta wuce shi, ta karɓi jakar matar.

"Ashe mota guda kunka shigo. Lauwali, ga yayata, Dokta Hamdiya Na'iya."

"Mun san juna, shi ya koya mani aiki," in ji Dokta, tana shafa haɓarta. "Riƙe kwalbar ga da kyau, Batula. Zinariya ce, ƙwayoyinta ka maida ruwa ja. Malamina ya so ya sha."