Ayar Mai Noman Citta

"Sun cire!" in ji Mama, ta ajiye wuƙar da take tsaga citta da ita. "Sake karantawa."

Na sake karanta mata Zaburar daga sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki da na sayo a Kafanchan. Mama ba ta iya karatu ba. Shekara talatin Baba ne idonta, har muka binne shi bara.

"Ina wurin da aka ce Ubangiji ya san mace mai noman citta, yana ganin kantar hannunta?" in ji ta. "Yau sun cire wannan, gobe me za su cire? Haka Maganar Allah za ta yi ta canjawa?"

Na ce fasto ya ce kalmomi kawai aka sauƙaƙa, saƙon yana nan. Ba ta yarda ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko tsohon littafin Baba, ta buɗe daidai inda ya saƙala gashin zabo.

Na bi ayoyin da yatsa har ƙarshe. Babu citta, babu mace. Sai a gefen shafin na ga ɗan rubutun Baba da fensir: "A nan zan faɗa mata tata ayar."

"Ka gani?" Mama ta tambaya.

Na zaro biro, na kwafe layin Baba a gefen sabon littafin.

"Na gani, Mama. Ni ne na tsallake."