Mai Hoton da Ya Tsaga Kwamfutarsa Gida Biyu

Tunda ka kasa zaune ka kasa tsaye a kan babbar manhajar da za ka ɗora wa kwamfutarka, ta kamfani ko ta jama'a, bari in ba ka misalin wani mai ɗaukar hoto, sai ka auna da kanka.

Mutumin nan yana da shago a bakin kasuwa, kyamara ɗaya, kwamfuta ɗaya, kuma ya iya aikinsa, wannan babu mai musu. Natsuwa ce kawai Allah bai ba shi ba. Irin mutanen nan ne da in sun sayi takalmi, kafin su isa gida zuciyarsu ta koma kan wanda suka baro. Kwamfutarsa ta zo da babbar manhajar kamfani, wadda sai an biya ake aiki da ita, kuma ya san ta kamar yunwar cikinsa. Sai maƙwabcinsa mai gyaran waya ya nuna masa ɗayar, wadda masana daga ko'ina suka haɗa hannu suka gina, kowa ya ɗauka kyauta, wanda ya iya ma ya buɗe cikinta ya gyara yadda yake so. Ya ga ba ta da nauyi, ba ta kuma damun mutum da zancen lasisi. Tun daga ranar hankalinsa ya rabu. In ya zauna gaban ta kamfani sai ya ji kamar ɗan haya ne a shagonsa, in ya tuna waccan kuma sai tsoron koyon sabon hannu ya kama shi, ga furfura ta fara leƙowa. Ya tambayi wannan, ya tambayi wancan, kowa ya yabi tasa. Maƙwabcin ya ce masa ya ɗauki ɗaya ya zauna da ita har ya san halinta, don kowacce za ta riƙe shi. Ya ga ai wannan shawarar ragwaye ce. Shi mai wayo, sai ya sa aka tsaga ma'ajiyar kwamfutar gida biyu, aka zaunar da kowacce a ɓangarenta, in ya kunna ya zaɓi wadda zai shiga.

To, da safe yana nan, da hantsi yana can. Ya sauke hotunan bikin suna a wannan ɓangare, ya tace su a wancan, ya kwaso rabi ya manta rabi. In wanda aka ɗauka ya zo karɓar hotonsa, sai ka ga gwanin naka yana kashewa yana kunnawa, yana share gumi, yana cewa yanzun nan.

Ana cikin haka, ranar Sallah aka kira shi gidan wani dattijo mai sayar da hatsi. 'Ya'yan dattijon sun watsu a garuruwa, an daɗe ba su haɗu ba, wannan karon Allah ya tara su duka har da jikoki. Tsohon ba ya son hoto, tun yana saurayi bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Sai da autarsa ta yi ta lallashi sannan ya gyara rawani ya zauna a tsakiyarsu, har ya yi murmushi. Mai hoto ya ɗauka, ya koma shago ya juye a kwamfuta, ya share katin kyamara kamar yadda masu sana'ar suka saba, don wata walimar na jiransa. Autar ta ce a wanke babba a sa a firam, ya ce ta ba shi kwana biyu hidimar Sallah ta lafa.

Kafin ta lafa, wuri ya ƙare masa. Rabin ma'ajiya bai ishi kowacce ba, ya shiga nan ta yi kukan cika, ya koma can ita ma haka. Ransa ya ɓaci, nan take ya yanke shawarar da ya yi ta gudu tun farko: ɗaya za ta tafi. Ya leƙa wadda zai bari, ya hango wurin ajiya mai suna Sallah, ya ce alhamdu lillahi suna nan, ko buɗewa bai yi ba. Ya share ɗayar, ya jibga bidiyon bukukuwa a gurbinta.

Ba a jima ba dattijon ya kwanta, kwanciyar da bai tashi ba. Da aka share makoki autar ta zo shagon, idonta a kumbure. Ta ce, "Malam, hoton Baba na zo karɓa. Shi ke nan mana wanda muke da shi." Ya buɗe wurin nan mai suna Sallah, sai ga hotunan Sallar bara, na wasu mutane dabam. Ya ruga ya kira maƙwabcin, shi kuma ya duba ya ce hotunan dattijon suna ɓangaren da aka share, da ba a zuba wani abu a kai ba da an gwada tono su, amma yanzu sai haƙuri. Autar ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallon fuskokin baƙi a allon, sannan ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta gyara mayafinta ta fita. Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Ka lura, ba manhajar kamfani ce ta cinye hoton nan ba, ba kuma ta jama'a ba ce. Da ya riƙe ɗaya, ko wacce ce, da yanzu hoton tsohon yana rataye a bangon 'yarsa yana murmushi. Don haka ka duba aikinka, ka zaɓi wadda za ta yi maka shi, ka zauna da ita. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce taura biyu ba ta taunuwa.