Wanne Ne Sa'iduna?

Ina Zariya wajen aiki yayana ya bugo waya daga Jiratawa ya ce Inna ta rasu. Kafin kuka ya zo mini, ajin nan na lakwal, makarantar bokon garinmu, ne ya dawo mini.

Ina da shekara tara. Bayan la'asar aka tara matan gari a ajin, aka toshe tagogi da tabarmi, za a nuna fim kan baƙon dauro. Damina ɗaya ke nan da cutar ta ɗauke ƙanena Sa'idu. A bango sai ga 'yan yara zanannu a jere, kansu ɗaya, babu ido babu baki. Wata murya tana ta Faransanci, wasu daga cikinsu suka yi ja, suka ɓace ɗaya bayan ɗaya.

Inna ta miƙe. Ta ce wa mai nuna fim ɗin, da lakabin da ake kiran malaman lakwal, "Mushe, tsaida. Cikin waɗanga wanne ne Sa'iduna?"

Ya yi dariya. "Haba baba, wanga zane ne kawai, ba mutane ba ne."

Wasu mata suka taya shi. Shi kuwa ko tsayar da na'urar bai yi ba. Har yau idan na ga irin jerin nan a talabijin raina yakan ɓaci. Wanda ya zana su bai san akwai uwayensu a ɗakin ba?

Amma ni ce na ja zanenta don kunya, na ce, "Inna, zauna mana." Ta dube ni, ta zauna.

Kullum ina cewa zan ba ta haƙuri. Ban ba ta ba.