Masaƙa Biyu da Maganin Mutum Ɗaya

Sunan garin ya ɓace mini, ka yi haƙuri. Na dai tuna akwai rijiya a ƙofar masallacin da na sauka, kuma daga inda nake zama ina jin ƙarar ƙoshiyar masaƙa. Shekarar ma ba zan rantse a kanta ba. Abin da ya rage a kaina shi zan ba ka, tunda ka ce tarinka ya lafa, har kana tunanin ajiye sauran maganin.

Wasu masaƙa ne biyu, wa da ƙane, rumfarsu ɗaya. Ubansu ya bar musu wasiyya cewa duk abin da ya shigo hannun ɗaya a raba shi biyu. Ko goro ɗaya ne sai an ɓare shi, kowa ya ɗauki ɓari. Sai tarin fuka ya kama wan. Ya je asibiti aka ɗora shi a kan magani na wata shida, ƙwaya huɗu kowace safiya. To, ƙanen ma yana tari, amma shi ko warin asibiti ba ya so. Wan ya dubi ƙwayoyin nan a tafinsa, ya dubi ɗan'uwansa yana tari har ƙoshiya na suɓuce masa, sai ya ce, "Ungo biyu. Yaushe na taɓa cin abu kana kallona?" Haka suka yi har wata shidan suka cika. Tari ya kwanta, jiki ya fara dawowa, suka gode wa Allah.

Da damina ta faɗi, tarin ya dawo, har da jini. Wan ya samo irin ƙwayoyin nan a wani kemis, suka sha, kamar tsakuwa suke haɗiya. Sannan ƙanen ya shiga ciwon kai, mako uku ba sauƙi. Wuyansa ya sanƙare, hasken rana ya zama masa azaba. Ya riƙa saka baƙin zare inda fari ya kamata. Wata safiya ya kira matarsa da sunan uwarsu da ta daɗe da rasuwa. Maƙwabta suka ce iska ce, aka yi ta turare. Ranar da aka kira sunansa bai waiga ba, wan ya ɗauke shi zuwa babban asibiti.

Likitar da ta karɓe su ta sa aka gwada kakinsu a na'ura, ta kuma ce sai an ɗebi ruwa daga ƙashin bayan ƙanen da allura. Wan ya tare bakin gado. "Ranki ya daɗe, an ce wanda aka yi wa allurar baya ba ya sake miƙewa." Ta ce, "Baba, yanzu ɗin a miƙe yake?" Ya kauce. Gwaji ya nuna ƙwayar cutar ta daina jin maganin da aka saba bayarwa, kuma ta ƙanen ta bar huhu ta hau har tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Likita ta tambayi wan ko ya shanye maganinsa na farko. Ya ce, "Ko ƙwaya ɗaya ba mu bari ba, ni da shi." Ta ce, "Ku biyu?" Ta ajiye bironta. Ta gaya masa rabin magani raunanan ƙwayoyin cuta kaɗai yake kashewa, masu taurin kai su saura su hayayyafa. Aka sa su a kan wasu magunguna dabam, na ƙanen fiye da shekara, kowa ya haɗiyi nasa a gaban ma'aikaci. Ba ta yi masa alkawarin komai ba. Aka raba musu ɗaki a asibitin, su da ba su taɓa wuni a rabe ba tun ƙuruciyarsu. Kowace safiya wan na bakin tagar ɗakin ƙanen da takunkumi a fuska, yana tambayar duk wanda ya fito, "Yau ya gane ku?"

A nan zaren ya tsinke mini, domin na bar garin tun ƙanen bai farfaɗo ba, kuma na daɗe abin na damuna. Amma wannan na tabbatar da shi: bayan shekaru na gamu da wan a wata kasuwa yana sayar da saƙi, na tambaye shi. Ƙanen ya rayu. Sai dai ido ɗaya ya tafi, hannun hagu kuma ba ya riƙe ƙoshiya. Zare yake naɗa wa wansa yanzu. Da ya gama faɗa mini ya ciro goro ya ɓare, ya tsaya yana kallon ɓarin nan biyu a tafinsa, ya daɗe kafin ya miƙo mini ɗaya.

Ka koma ka ɗauko maganinka, ɗana. Irin wannan ne Hausawa ke cewa an kashe maciji ba a sare kai ba.